Tambaya da Amsa: Za su rufe gem ɗinmu, me za mu iya tsira da shi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk abu ɗaya suke zagayewa, wato wasannin gem ɗin nan na intanet da kamfani kan wayi gari ya ce zai rufe, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita wasu saƙonnin saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Salam Malam, fatan kana lafiya. Dan Allah akwai wani gem da muke bugawa ni da abokaina kusan shekara huɗu kenan, kullum da daddare muke haɗuwa a ciki, to jiya kawai sai muka ga sanarwa wai ƙarshen watan gobe za su cire shi daga kanti ba za a ƙara sayarwa ba sannan bayan wata uku su kashe saba gaba ɗaya, ni kuma ba saya na yi ba ina buga shi ne ta rajistar da nake biya duk wata, wani abokina ya ce in na saya yanzu na sauke a na'urata shikenan ya zama nawa ko sun rufe, wani kuma ya ce asarar kuɗi kawai zan yi, wlh kaina ya ɗaure, maganar wa zan ɗauka a cikinsu? Daga wani matashi mai bibiyar fili.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokan nan naka kowanne ya kama wani ɓangare na gaskiya, abin da zai raba gardamar shi ne irin gem ɗin, kuma ba ka faɗa min sunansa ba, don haka bari in nuna maka yadda za ka gane da kanka.

Ka lura sanarwar da kuka gani ranaku biyu ta ambata, kuma abubuwa ne biyu mabambanta da mutane ke yawan cakuɗawa. Ranar farko ta cirewa daga kanti ce, daga ranar sabon mutum ba zai iya saya ba, amma wanda ya riga ya saya galibi gem ɗin yana nan a akawun ɗinsa, yana iya bugawa yana iya sake saukewa. Rana ta biyu ta kashe saba ce, wato kwamfutocin kamfanin da na'urarka ke magana da su duk lokacin da ka shiga. Akwai wasannin da ake cirewa daga kanti kawai saboda yarjejeniyar lasisin motoci ko waƙoƙin da ke ciki ta ƙare, kamar Forza Horizon 4 da aka daina sayarwa ranar 15 ga Disamba 2024, waɗanda suka mallake shi kuwa suka ci gaba da tuƙinsu. Haka Marvel's Avengers, an cire shi ranar 30 ga Satumba 2023, masu shi ba su rasa shi ba. In irin wannan ne to abokinka na farko ya yi gaskiya, ka saya kafin ranar.

Amma naku har da kashe saba, to a nan tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, shi wasan a ina yake zaune, a na'urata ko a wurinsu? Akwai gem ɗin da komai nasa yana cikin abin da ka sauke, saba kawai haɗa ka da sauran mutane take yi, irin wannan in an kashe saba ɓangaren gasa da mutane ne zai mutu, sauran ya rage maka. Akwai kuma wanda abin da ka sauke hotuna ne da sauti da taswira kawai, ƙwaƙwalwar wasan kuwa, wato lissafin matakin da ka kai da kayan da ka tara da motsin abokan gaba, duk a kwamfutar kamfani ake yinsa, to wannan ko ka sauke giga ɗari ka adana, ranar da aka kashe saba allon farko kawai za ka gani da saƙon cewa an kasa haɗawa. Haka aka yi da The Crew na kamfanin Ubisoft, wasan tseren mota da ya fito a 2014, aka cire shi daga kanti a Disamba 2023, aka kashe saba ranar 31 ga Maris 2024, kuma duk da cewa mutum zai iya buga yawancinsa shi kaɗai, ko'ina bai ƙara buɗuwa ba. Bayan haka ma a watan Afrilu aka fara janye lasisin daga akawun ɗin mutane ta yadda ko sake saukewa ba sa iya yi. In naku irin wannan ne abokinka na biyu ne mai gaskiya.

Gwajin ba shi da wuya, yau ɗin nan ka cire intanet daga na'urar ka kunna gem ɗin ka gani. In ya buɗe ya bar ka ka yi wani abu, to wannan abin da ya bar ka ka yi shi ne kusan abin da zai rage maka bayan rufewa. In ya tsaya cak yana neman haɗi, to sai ka koma kan sanarwar, kuma ka karanta ta a shafin kamfanin da kansa, kada ka tsaya kan abin da wani ya yanko ya turo a guruf, ka duba ko sun yi alkawarin fitar da sabuntawar da za ta sa a iya bugawa babu intanet. Wasu kamfanonin suna yi. Gran Turismo Sport da can sai da intanet yake ajiye ci gaban mutum, da za a rufe hidimarsa ta onlayin ranar 31 ga Janairu 2024 sai aka fitar da gyaran da ya sa yake ajiyewa a cikin na'ura.

Akwai wani misali da nake so ka riƙe sosai domin shi ne ya fi kama da halin da kake ciki, na MultiVersus. Da za a rufe shi ranar 30 ga Mayu 2025, kamfanin ya ce za a iya ci gaba da bugawa babu intanet amma da sharaɗi, sai mutum ya sauke sabon samfurin ya kuma shiga da akawun ɗinsa aƙalla sau ɗaya tsakanin 4 ga Fabrairu da ranar rufewar, wannan shigar ce ke ƙirƙirar fayil ɗin ajiya a na'urarsa wanda ke ɗauke da duk abin da ya mallaka. Wanda ya yi sakaci bai shiga ba a wannan tsakanin, ko da ya shekara yana bugawa a baya, ƙofa ta rufe masa. Ka ga kenan saukewa kaɗai ba ta isa ba, wani lokacin shiga ɗaya tak ce ke raba wanda ya tsira da gem ɗinsa da wanda ya rasa, kuma irin wannan sharaɗin yawanci can ƙasan sanarwa ake rubuta shi a wajen tambayoyi da amsoshi inda mutane ba sa kaiwa.

Sai maganar rajistar wata-wata. Abin da kake bugawa ta wannan hanyar aro ne, ranar da aka cire shi daga jerin wasannin rajistar ya tafi, ko yana kan na'urarka ba zai buɗe ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To in gwajin da na faɗa maka ya nuna akwai abin da zai rage, ka saya da akawun ɗinka kafin ranar cirewa, sau da yawa ma suna karya farashi a makonnin ƙarshe. Ka duba ƙarin kayan wasan da ake sayarwa daban, su ma ana cire su, wani lokacin ma kafin a cire uwar gem ɗin, na Forza Horizon 4 tun watan Yuni aka daina sayar da su, wata shida kafin shi. In kuwa gwajin ya nuna babu abin da zai rage, to ni shawarata kada ka saya, ka ci gaba da rajistarka zuwa lokacin da za a cire, sai dai in ka zauna ka yi lissafi ka ga wata ukun da za ka ƙara tare da abokanka sun cancanci kuɗin, wannan kuma kai za ka yanke da idonka a buɗe, ka san wata uku ka saya.

In ka saya, ka sauke shi cikakke da duk ƙarin kayansa da sabuntawa ta ƙarshe, ka shiga, ka buga, sannan ka sake cire intanet ka gwada tun saba na raye, saboda in akwai matsala yanzu ne za ka iya gyarawa ko ka rubuta musu. A PlayStation da Xbox akwai saitin da ke mayar da na'urarka ta zama ita ce babbar na'urar akawun ɗinka, a Xbox sunansa Home Xbox, ka tabbata ka kunna shi domin shi ke barin wasannin da ka saya su buɗe babu intanet. A kwamfuta kantin wasanni na Steam yana da yanayin aiki babu intanet, shi ma ka gwada shi. Kuma dan Allah kada ka bari sai daren ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya, daren nan kowa ke rububin saukewa, ga fayil mai nauyi, in intanet ɗinka ta yi ciwo a tsakiya shikenan.

Bayan nan kada ka goge shi don neman wuri. Na san na ce galibi ana iya sake saukewa, amma galibi na ce. A 2015 kamfanin Konami ya cire wani ɗan gajeren wasa mai suna P.T. daga kantin PlayStation, daga baya har waɗanda suka taɓa sauke shi aka hana su sake saukewa, sai wanda yake kan na'urarsa bai goge ba, har ta kai ana sayar da PS4 ɗin da ke ɗauke da shi da tsada. In wuri ya yi maka kaɗan ka kwafe shi zuwa ma'ajiyar waje, kuma ka kwafi fayil ɗin ajiyarka daban in na'urar ta yarda. Shi kansa akawun ɗin ka kula da shi, imel ɗin da ka buɗe shi da shi ya zama yana hannunka, ka san kalmar sirrinka, ka ajiye rasit ɗin sayen, domin gem ɗin da aka cire daga kanti in ka rasa akawun ɗin babu inda za ka sake samunsa.

Abu na ƙarshe kuma shi ne wanda ya fi taɓa ni. Shekarun baya akwai wani wasa da na daɗe ina bugawa da wasu mutane kusan goma, mun san muryar juna mun san lokacin da kowa ke tashi daga aiki, amma duk hirarmu a cikin wasan take, ba mu taɓa karɓar lambar juna ba, aka sa ranar rufewa ina ta cewa gobe zan tambaye su gobe zan tambaye su, har ranar ta zo tafiya ta kama ni, da na dawo babu wasan babu su, har yau mutum biyu kawai na sake samu a cikinsu kuma abin yana damuna. Kai ka ce abokanka ne, wataƙila kun san juna a fili, amma waɗanda kuka haɗu da su a ciki ku buɗe guruf a waje tun yanzu. Ku ɗauki bidiyon wasanninku, ku ɗauki hoton matakin da kuka kai da wuraren da kuka saba haɗuwa, wannan kam babu kamfanin da zai iya kashe shi.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ba ma'abociyar gem ba ce amma ɗana ne yake yi, na saya masa wani a faifai da akwatinsa da komai, yanzu yake ce min wai za a rufe shi ba zai ƙara aiki ba, ni kuma na ce masa ai faifan yana hannunmu ta yaya wani zai kashe abin da ke cikin ɗakinmu, ko dai wayo yake min in saya masa sabo? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya barka kadai, Allah ya raya mana shi. Mai yiwuwa ne ƙwarai gaskiya yaron ya faɗa miki, duk da cewa tunaninki shi ne abin da hankali zai fara kawowa, kuma haka abin yake a da, faifai in yana hannunka wasa yana hannunka. Yanzu wasu faifan mabuɗi ne kawai, ainihin ɗakin yana wurin kamfani. The Crew ɗin da na ambata a sama an sayar da shi a faifai, kuma faifan nan duk sun daina aiki rana ɗaya da na waɗanda suka saya ta intanet. Ki ɗauko akwatin ki duba gabansa ko bayansa, in an rubuta cewa dole sai da intanet ake bugawa to yana cikin waɗanda abin zai shafa. Sannan ki sa shi ya cire intanet ya kunna a gabanki, nan take za ki gani. In ya buɗe to ki ce ya sauke sabuntawa ta ƙarshe kafin ranar ya bar ta a kan na'urar, saboda abin da ke kan faifai samfurin ranar farko ne, gyare-gyaren da aka yi daga baya ba sa ciki. Gaba kuma in za ki saya masa, wannan rubutun na jikin akwati shi za ki fara dubawa.

Tambaya: Yaya ni a waya nake bugawa kuma gaskiya na zuba kuɗi ba kaɗan ba wajen sayen kuɗin cikin gem da kayan ado da bindigogi, yanzu sun ce za su rufe, shin akwai yadda za a yi su dawo min da kuɗina, kuma in na ajiye fayil ɗin APK ɗin, wato fayil ɗin ɗora gem ɗin a waya, zai yi min amfani nan gaba? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: Ɗan'uwa sannu, na san da zafi. Maganar mayar da kuɗi babu ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani da yadda ya ga dama, amma abin da na lura shi ne an fi mayarwa in wasan bai daɗe ba ko kuma sayen bai daɗe ba. Sony ya fitar da Concord ranar 23 ga Agusta 2024 ya rufe shi ranar 6 ga Satumba, mako biyu kacal, ya mayar wa kowa kuɗinsa. Google ma da ya rufe Stadia, hidimarsa ta buga wasanni ta intanet, a Janairu 2023 ya mayar da kuɗin wasanni da na na'urorin da aka saya a kantinsa. Da aka sanar da rufe XDefiant a Disamba 2024, waɗanda suka sayi kuɗin cikin wasan a kwana 30 na ƙarshe kafin sanarwar an mayar musu. Amma Apex Legends Mobile da aka rufe ranar 1 ga Mayu 2023, kamfanin EA ya faɗa ƙarara cewa ba zai mayar da kuɗin da aka kashe a ciki ba. To ka duba sanarwar naku, in akwai hanyar neman kuɗi ka bi ta da wuri don tana da wa'adi, in sayen na kwanan nan ne ka gwada nema ta Play Store ko App Store ɗin da ka biya ta ciki, da rasit ɗinka. Abin da ka saya shekara biyu da suka wuce kuwa kada ka sa rai sosai.

Daga yau ka tsayar da zuba kuɗi, ka kashe duk wani biyan da ke fita da kansa duk wata, wannan mutane suna mantawa da shi. Ragowar kuɗin cikin gem ɗin da kake da su, in ba za a mayar ba, ka kashe su ka more kafin ranar don ba sa bin mutum ko'ina. Ka kuma duba ko akawun ɗinka na baƙo ne ko ka haɗa shi da imel, domin in kamfanin zai ba da hanyar ƙaura sai mai haɗaɗɗen akawun ne zai amfana. Nintendo da ya rufe Animal Crossing: Pocket Camp a ƙarshen Nuwamba 2024 ya fitar da wani samfurin da ake saya sau ɗaya a buga babu saba, kuma an iya kwashe ci gaban da aka yi zuwa can, amma sai wanda ya haɗa wasansa da akawun ɗin Nintendo kafin a rufe.

APK kuwa, ajiye shi ba laifi ba ne amma kada ka ɗora masa buri, shi gangar jiki ce kawai, in wasan na saba ne zai buɗe ya tsaya yana juyawa. Amfaninsa ɗaya shi ne tsakanin ranar cirewa da ranar kashe saba, kuma ko a nan abin da ya fi shi ne kada ka goge wanda ke kan wayarka kuma kada ka yi wa wayar wankin gaba ɗaya. Da aka cire Call of Duty: Warzone Mobile daga kantunan waya a Mayu 2025, waɗanda yake kan wayarsu ne aka bari su ci gaba da shiga a lokacin.

Tambaya: Malam na ji ana cewa akwai sabobin da masoya gem ke buɗewa da kansu bayan kamfani ya rufe, wani ma ya turo min link wai in sauke wani fayil in shiga da akawun ɗina zan ci gaba da bugawa, halas ne a doka kuma babu haɗari? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Bari in fara da link ɗin, kada ka taɓa shi. Duk wanda ya ce ka shigar da kalmar sirrin akawun ɗinka na gaske a wani wuri da ba na kamfanin ba, akawun ɗin yake nema, kuma lokacin rufe wasa lokacin kasuwar irin waɗannan mutanen ne don sun san ran mutane a tashe yake. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amma sabobin masoya gaskiya ne akwai su, kuma wasunsu aikin kirki ne da mutane suka ba shekarunsu kyauta. City of Heroes an rufe shi a 2012, masoyansa suka raya shi, har a Janairu 2024 kamfanin NCSoft ya ba wa rukunin Homecoming lasisi a hukumance. Da Nintendo ya kashe hidimar onlayin ta 3DS da Wii U a Afrilu 2024, akwai Pretendo da masu sa kai suka gina don maye gurbinta. Shi kansa The Crew wasu sun dawo da shi a kwamfuta a 2025. Wanda ya fi burge ni kuma shi ne abin da masu Knockout City suka yi, da za su rufe a Yuni 2023 su da kansu suka fitar da samfurin kwamfuta kyauta wanda kowa zai iya kafa sabarsa da shi, babu ɓoye-ɓoye babu tsoro, kuma a ganina haka ya kamata mai mutunci ya yi sallama da mutanen da suka biya shi.

Ta fuskar doka kuwa, in babu izinin kamfani to a hannunsa kake, yana iya kawar da kai yana iya aiko da lauya. Blizzard ya sa an rufe Nostalrius, wata sabar masoya ta World of Warcraft, a 2016 duk da ɗimbin mutanen da ke ciki. A Amurka tun 2015 an yi sassaucin da ya ba wanda ya sayi wasa ta halas damar tsallake shingen tantancewa in kamfani ya kashe sabar, don ya buga a na'urarsa, amma sassaucin bai haɗa da wasannin da ainihinsu ke zaune a saba ba, kuma dokar kowace ƙasa daban. In za ka shiga irin wannan, ka nemi aikin da aka daɗe da sani, mai shafi a fili, wanda ba ya neman kuɗi kuma yake buƙatar ka mallaki wasan da kanka, ka buɗe sabon suna da sabuwar kalmar sirri da ba ka amfani da ita ko'ina. Kuma ka lura, kusan duk waɗannan ayyukan suna buƙatar fayilolin wasan na asali, to ka ga wani dalilin kenan na sauke naka ka adana tun ana iya saukewa, ko da yau ba ya buɗuwa.

Tambaya: To Malam shikenan haka za mu zuba ido ana karɓar kuɗinmu ana kashe abin da muka saya, babu mai cewa komai? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Akwai masu cewa 'yar'uwa, kuma muryarsu ta fara kaiwa. Rufe The Crew ne ya sa wani ɗan YouTube mai suna Ross Scott ya fara fafutukar Stop Killing Games a Afrilu 2024. Buƙatarsu ba wai kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa suke in za ka tafi ka bar wasan a halin da wanda ya saya zai iya kunna shi. Takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai tana buƙatar sa hannun mutum miliyan 1, kafin a rufe ta a ƙarshen Yuli 2025 ta haura miliyan 1.4. A Birtaniya ma koke ya wuce sa hannu 100,000 har majalisa ta tattauna batun a Nuwamba 2025. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a Janairu 2025 wadda ta tilasta wa masu sayar da kayan dijital su bayyana cewa lasisi mutum yake saya, kuma tun Oktoba 2024 Steam ya fara rubuta hakan a wajen biya. Ubisoft kuma ya fitar wa The Crew 2 yanayin bugawa babu intanet a Oktoba 2025.

Su kamfanonin suna da tasu hujjar, suna cewa gina wasa ta yadda zai rayu babu su yana da tsada, kuma sabar da ba tasu ba ba za su iya kare bayanan mutane a cikinta ba. Ban ce maganar ba ta da tushe ba, akwai manyan wasannin da raba su da saba aiki ne ja, amma wasan da mutum ke tuƙa mota shi kaɗai a kan titi ban ga dalilin da zai sa ya mutu don an kashe wata kwamfuta a wata ƙasa ba, kuma waɗanda suka fitar da gyara kafin su tafi sun nuna ana iyawa in an so.

Kafin dokokin nan su zama wani abu, abin da ke hannunki shi ne lokacin saye. Ki karanta shafin wasan ki ga ko an ce sai da intanet ko da mutum shi kaɗai zai buga. A kwamfuta kantin GOG yana ba da fayil ɗin ɗora wasa wanda za ki sauke ki ajiye a ma'ajiyarki ki ɗora duk lokacin da kika so ba tare da neman izinin kowa ba, in wasan da kike so yana can ni can nake fara dubawa. Wanda kuma yake na saba ne zalla kina iya bugawa ki ji daɗinsa, sai dai duk abin da za ki kashe a ciki ki ƙiyasta shi da watannin da kike ganin za ki more shi.

Masu sauran tambayoyi kan wayar da ke zafi lokacin gem da batun asusun yara, na gan su, sai fitowa ta gaba in sha Allahu. In za ku turo tambaya irin ta yau ku haɗa da sunan wasan da na'urar da kuke bugawa da ranakun da aka sanar, zai fi min sauƙin ba ku amsar da ta dace da ku kai tsaye.